Ƙafar Hagu ta Baya

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa kowa zai koma, mai gemu da mai goyo. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga ni tafiya. Ya cika a Tampuy, a gidan babban ɗansa, nesa da Zongon Wagadugu inda aka binne cibiyarsa, domin Zongon da muka sani katafila ta riga ta share shi. Ni ba mai ilimi ba ne. Allo na yi, sai 'yan shekaru a lakwal, makarantar boko, daga nan na kama sitiyari. Amma na ga in ban rubuta ba, jikokinsa za su tashi su san shi a hoton bango kawai, tsoho mai farar hula da ba ya dariya. Alhali yana dariya. Goɗiyarsa ta fi kowa sani.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da rusau ya watsa. Maƙwabtan da a da katanga ɗaya ta raba su, yau ga su a tabarma ɗaya suna tambayar juna, "Kai ina aka jefa ka?" Tsohuwar da take sayar da fura a bakin masallacinmu ta zo tana dogara sanda. Daga cikin gida muka jiyo muryarta tana gaya wa mata, "Mai Goɗiya ya tafi. Ni ban taɓa mallakar agogo ba. In na ji kofato ya bi ta bayan ɗakina, na san lokacin ɗora tukunya ya yi." Direbobi 'yan Nijar suka zo a ƙungiya, suka yi addu'a, ɗayansu ya ce, "Wannan bai taɓa cin caca ba, amma mun ci a kansa." Aka yi 'yar dariya, aka nemi gafarar Allah. Mutanen filin sukuwa ma sun zo, da Musulminsu da waɗanda ba Musulmi ba, suka zauna a gefe, huluna a kan gwiwa.

Mutum ɗaya ne bai zauna a tabarma ba. Aminin Yaya ne, wani tsohon Bamoshe manomi, mai gona a bayan gari. Ya yi mana gaisuwa, ya wuce lungun katanga inda goɗiyar take ɗaure, ya leƙa bokitinta ya ga a bushe. Tun safe ba wanda ya tuna da ita. Ya ɗebo ruwa da kansa, ya tsuguna yana yi mata magana da yarensu na More, a hankali, kamar yadda ake yi wa marainiya.

Akwai kuma wani Bakane mai sayar da shadda, abokin hulɗar ɗan Yaya. Ya yi addu'a mai tsawo mai kyau, amma idonsa yana lungun. Da zai tashi ya sunkuya wajen ɗan, ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Wannan ita ce jikar Tsattsewa? Na ji an ce ma da ciki." Ɗan ya ce, "Sai bayan arba'in." Ina kusa, na ji. Goɗiyar nan, Auta, ita kaɗai ce mace da ta rage a jinin Tsattsewa. In ta shiga mota zuwa Kano, abin da Yaya ya ƙarar da rayuwarsa a kai ya fita daga hannunmu ke nan.

Bari in faɗi wace ce Tsattsewa, don ba a gane Yaya sai ta kanta.

Yaya baduku ne. Linzami da ragama da kayan sirdi yake ɗinkawa a zauren gidanmu, masu dawaki na Larle da sauran unguwanni suna zuwa wurinsa. Ya yi shekaru yana yi wa dawakin mutane ado bai da ko jaki. Wata rana ya bi ni Dori a kamiyona, motar kayan da nake tuƙawa, na sauke kaya, na dawo na tarar da shi riƙe da igiyar wata 'yar goɗiya baƙa, ƙarama, haƙarƙari a waje, kunnuwa kamar na kyanwa. Na ce, "Yaya, wannan ta layya ce ko ta sadaka?" Ya ce, "Buɗe bayan motar." A hanya ya gaya mini abin da ya gani. Wani rake ya faɗo daga kan amalanke, dabbobin kasuwa duk suka firgita, kafin sauran su ɗaga kai ita ta riga ta kai ƙarshen igiyarta. Ya ce, "Ba gudu na saya ba, tashi na saya."

A wurinmu namiji mai mutunci ingarma yake hawa. Goɗiya ta haihuwa ce, a ƙauye ake ajiye ta. Da aka ga Yaya yana jan ta zuwa bakin baraji, madatsar ruwan gari, kowace asuba, sai yaran gari da manyansu suka sa masa Mai Goɗiya, don tsiya. Sunan ya bi shi har kabari, sai dai a ƙarshe da girmamawa ake faɗinsa.

Ranar Lahadin da ya fara kai ta filin sukuwa ina nan. Babban ɗansa ne a kanta, lokacin saurayi ne siriri kamar kara. Wani mai ingarma fari ya dube su ya ce, "Malam baduku, amarya ka kawo wa dawakinmu? Ai da ka yi mata lalle." Yaya ya ce, "In sun kama ta, na ba su." Tseren gajeren zango ne, miƙe ɗaya ba kwana. Aka saki tuta. Ingarmun suna nan suna tsaye da ƙafar baya suna nuna ƙirji, ita kuwa ta yi ƙasa kamar tsuntsuwar da aka sa mata sunanta, ta tafi. Ban ga gudun ba sosai, ƙurarta na gani, da hular ɗan Yaya a ƙasa. Da muka kama hanyar gida na tambaye shi sirrin. Ya ce, "Ingarma yana gudu yana duba wa ke kallonsa. Ita so take a gama ta koma gida."

Daga nan gajeren zango ya zama nata. Masu dawaki suka riƙa tambaya ko za ta fito kafin su shigar da nasu. Aka kawo wani jan doki daga Bobo musamman dominta, ya koma da kunya. Sau ɗaya na ga an riga ta, ranar da aka yi ruwa filin ya yi taɓo, kuma Yaya ya ce laifinsa ne da ya fito da ita. An sha zuga shi ya sa ta a dogon zango, inda kyautar ta fi tsoka da suna. Bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Kowace halitta da inda numfashinta ya tsaya. Wanda ya san iyakar dabbarsa bai zalunce ta ba." Haka yake da mutane ma. Bai taɓa tambayar mutum abin da ya san ba zai iya ba.

Yana da ɗabi'u da suke ba mu haushi a lokacin. Ba ta shan ruwa sai ya kurɓa ya ji. Geronta da kansa yake tsince tsakuwa, ya barbaɗa kanwa. Ranar da ya ga bulala a hannun ɗansa, ya karɓa, ya ɗauki wuƙar dukancinsa ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya miƙa masa ya ce, "Ga igiyar takalmi." Bayan kowane tsere ba mai hawanta. A ƙasa suke dawowa tun daga filin har Zongo, ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa mata, shi yana tafe da 'yar shara. In sun iso ya wanke mata ƙafafu da ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗanya, sannan ya ci abinci. Buhunan shinkafar da take ciyowa kuwa ba sa kwana a gidanmu. Matan unguwa ke dafawa a ƙofar masallaci. Yakan ce, "Kofatonta ya tashe su daga barci shekara guda, ai suna da haƙƙi."

Tana kan ganiyarta wani babban mutum ya aiko a saye ta. Abin da ya yi tayi ya isa mu rushe gidan ƙasar da mahaifinmu ya bari mu gina na siminti. Na ce a sayar. Na faɗa da safe, na faɗa da yamma. Sai kawai wata Lahadi, maimakon filin sukuwa, ya ja ta zuwa gonar amininsa Bamoshe, ya kai ta wa ingarma. Ya janye ta daga tsere gaba ɗaya, ba ta da ciwo, ba ta gaji ba. Ya ce, "Gudu na 'yan shekaru ne. In ta karye a fili, me ta bari?"

Na tare shi a ƙofar masallaci, gaban mutane, na ce, "Baba gida ya bar mana, kai ka mai da shi barga. Talaucin nan kai ka ɗaure mana shi a turke." Ƙane ba ya faɗa wa wansa haka, ko a ɗaki. Ya dube ni ya ce, "Ka gama? To mu je, an ta da iƙama." Daga ranar na ɗauke akushina daga zaurensa. Gida ɗaya, ƙofa ɗaya, sai gaisuwar safe kamar 'yan haya. Shekarun da muka yi a haka ba na son ƙirga su. Ɗansa ma abin ya ƙona shi, ko da yake shi bai yi magana ba. Yaron da ake ɗaga wa hannu a ko'ina cikin gari ya wayi gari ba abin hawa. Bai sake taka likkafa ba. Ya shiga kasuwancin yadi, ya yi jiki, ya yi arziki.

Tsattsewa kuwa ta shiga haihuwa. Ɗanta na fari ya fi ta tsawo, ya gaji tashinta, ya kuma iya dogon zangon da ita ba ta iya ba. Ɗanta na biyu ya je Larle. Akwai wanda aka kai har Kudugu. A filin sukuwa mutane suka koyi gane jininta tun daga nesa, da ƙananan kunnuwa da yadda suke yin ƙasa in an saki tuta. Sai ka ji an ce, "Wannan na gidan Mai Goɗiya ne, kada ka ɓata kuɗinka a kan wani." Maza yakan sayar, wani lokaci ya bayar. Akwai wani mai amalanken itace da dokinsa ya faɗi ya mutu a kan hanya, Yaya ya ba shi dukushi guda da masu hali suke layi a kansa. Mutanen fili suka ce wulaƙanci ne, jinin Tsattsewa a amalanke. Ya ce, "Wancan zai ciyo kofi a ajiye a kan kabad. Wannan zai ciyar da gida." Amma mace bai taɓa sayarwa ba, ko ɗaya. "Namiji baƙo ne," in ji shi. "Mace ita ce gidan."

Wata shekara ciwon dawaki ya shigo gari da damina. Ya kwashe 'ya'yanta mata biyu a mako ɗaya, ya bar jika guda tana tsotso, ita ce Auta. Tsattsewa ta tsallake ciwon, amma tsufa ya riga ya kama ta. Da rani ya zo ta kwanta ba ta tashi ba. Mahauta masu sayar da naman doki suka ji labari suka zo tun kafin ta huce. Yaya ya ba su goro ya sallame su. Na dawo daga Yamai da hantsi, na tarar da shi a bayan barga, gindin turkenta, yana haƙa rami shi kaɗai. Ƙasar rani ce, diga tana tsalle. Na ajiye jakata na karɓi digar. Bai hana ni ba, bai kuma ce sannu ba. Muka rufe ta tare. Da aka kawo tuwon rana sai ya turo akushinsa tsakaninmu, ya ce, "Miyar ta yi gishiri." Iyakar sulhunmu ke nan. Na so in ce ya yafe mini, bakina ya yi nauyi, shi kuma bai ba ni wuri ba.

Ba a daɗe ba aka zo aka shafa wa katangunmu fenti, alamar rusau. Gwamnati za ta yi sabon gari a Zongo da Kuluba da kewaye. An yi taro, an yi kuka, an yi addu'o'i, daga baya kowa ya kama ɗaure kaya. Ɗan Yaya ya ce iyayensa su koma gidansa na Tampuy. Ni na sami ɗaki biyu na haya ba nisa da su.

Ranar da za mu tashi, an riga an cire ƙyauren zaure, Yaya ya kira mu uku wurin turken Auta: ni, da 'yarsa ta biyu wadda take aure a Larle, da amininsa Bamoshe. Ya kira limamin unguwa ya zama shaida. Masu dawaki suna da wata al'ada tun ta kakanni: goɗiya takan zama ta mutum huɗu, kowa da ƙafarsa. Abin da ta haifa nasu ne tare, kuma ba a kai ta kasuwa sai duk masu ƙafa sun yarda. Yawanci talauci ke sa a yi haka, in mutum ɗaya ba zai iya saye ba. Ban taɓa jin wanda ya mallaki goɗiya sukutum ya raba ta da kansa ba, sai Yaya.

Ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a ƙafar Auta ta dama ta gaba. Ya kama na amininsa ya ɗora a ta hagu. Tsohon ya ja baya ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "M zoa, abokina, ni ba ɗan gida ba." Yaya ya ce, "Kakarta a gonarka ta zama uwa. Riƙe." Ya ce ta dama ta baya tasa ce, bayan ransa ta magada. Sannan ya dube ni.

Na ce, "Yaya, ni? Ka manta abin da na ce a kan kakarta?"

Ya ce, "Da na manta ai da ban ba ka ba. Zo ka dafa. A hankali, wannan ce take harbi."

Na dafa ƙafar hagu ta baya, ta kuwa ɗaga ta, na yi tsalle, liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Yaya ya fasa goro huɗu aka ci. Sannan ya sa aka tono turken, wani tsohon kututturen ƙirya da igiya ta yi wa wuya, aka jefa a motar kaya tare da tukwane. Na ɗauka kyautar nan hanyarsa ce ta cewa ya yafe. Ban zurfafa tunani ba.

A Tampuy aka kafa turken a lungu tsakanin katanga da inda ɗansa yake ajiye mota. Wurin bai isa ta juya sosai ba. Ba baraji kusa, ba yashi, sai kwalta da babura. Duk da haka kowace asuba yakan ja ta su zaga unguwa, mutanen da ba su san ko shi wane ne ba suna yi masa hon. Wata rana ya ce in kai shi Zongo a kan mobilet ɗina, ɗan ƙaramin babur. Muka je. Fili ne fetal, ciyawa da tarin ƙasa, an fara zuba harsashin wani dogon gini daga can gefe. Ya ce, "Masallaci yana nan, ko?" Na ce ina jin ya fi nan gaba. Muka nemi durumin ƙofar gidanmu, babu ko kututture. Ya yi ta tafiya yana duba ƙasa, ya tsaya nan, ya koma can. Kabarin Tsattsewa yake nema. Mai gadin wurin ya zo ya tambaye mu da Faransanci me muka yar. Yaya ya ce, "Gaya masa ba abin da zai iya tsinta ba ne." A hanyar dawowa na ji goshinsa a bayana. Bai sake cewa a kai shi ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kai Auta gonar amininsa, wurin wani ingarma da ya daɗe yana yabawa. Da cikin ya tabbata, shi kuma ƙafafunsa suka kumbura. Ya sa aka juya masa gado yadda zai riƙa hango lungun ta taga. Ranar da zai cika, da la'asar, ya tambaye ni ko an ba ta kanwa. Na ce an ba ta. Ba a ba ta ba, na je na ba ta daga baya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a falon ɗansa. Abin da baduku ya bari ba shi da yawa, aka gama nan da nan. Sai aka zo kan Auta. Liman, wanda shi ma rusau ya kai shi wata unguwa, ya ce ƙafa uku kyauta ce da marigayi ya yi da ransa da lafiyarsa, a gabansa, ba ta cikin gado. Ɗaya ce ta magada.

Ɗan ya gyara zama ya ce, "Bon. Ba wanda zai ci haƙƙin wani. Mutumin Kano zai ɗauke ta da cikinta, kowa a ba shi rabon ƙafarsa. Can akwai barga ta gaske, da likitan dabbobi, da masu kula. Nan fa? Lungu. Wa zai yanko mata ciyawa, ni ko Baffa? Rannan ma ta fasa mini fitilar mota." Gaskiya ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Aka tambayi ƙanwarsa, mai ƙafar dama ta gaba. Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi, ta dubi wanta ta ce, "Abin da Yaya ya gani." Ba za ta iya musa wa wanta a gaban mutane ba. Aka tambayi tsohon Bamoshe. Ya ce, "Ni baƙo ne a nan. Abin da 'yan gida suka ce." Idonsa yana ƙasa. Ɗan bai ma juyo wurina sosai ba, ya ce, "Baffa kuwa mun san ra'ayinsa tun muna yara."

A nan ne na gane abin da Yaya ya yi ranar tashinmu daga Zongo. Ya san 'yarsa mai kunya ce. Ya san amininsa ba zai ɗaga murya a gidan mutane ba. Yana bukatar mutum ɗaya da zai iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi magana mara daɗi ga ɗan'uwansa, ya kuma jure shekaru ana fushi da shi. Ya san mutum ɗaya tak mai wannan hali, don a kansa aka gwada.

Na ce, "Ƙafata ba ta sayarwa ba ce."

Ɗan ya ce, "Baffa, kai fa. Kai ne ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce Papa ya ɗaure mana talauci a turke. Ina wurin."

Na ce, "Na faɗa. Ya ji da kunnensa, kuma ya ba ni."

"To ina za ka ajiye ta? A ɗakin hayarka? Ko ƙafar taka za ka yanke ka tafi da ita?"

"In mutumin Kano yana son goɗiya mai ƙafa uku, ku sayar masa."

Ya ce, "Ka san abin da tsohon nan ya yi mini? Ina tsakiyar suna ya sauke ni, bai ko tambaye ni ba. Yau ma yana kabari, shi ne zai yanke?" Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Tsawon shekarun nan ina zaton ni kaɗai na riƙe abin a ciki.

Sai tsohon Bamoshe ya ɗaga kai, ya ce in ba za a sayar ba, gonarsa tana da rumfa da rijiya da harawa, kuma ba ya son ko sisi. Ƙanwar ta ce a hankali, "Ni ma zan riƙa aiko da dusa." Wanta ya dube ta, ya tashi ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Liman ya shafa fatiha.

Da safen da za mu kai ta, na zo na tarar da Auta ɗaure a jikin ƙarfen taga. Turken babu, sai rami. Zuciyata ta ce ya sa an faskara shi don haushi. Ban tambayi kowa ba. Ni da tsohon muka ja ta a ƙasa, don Yaya ba ya yarda a sa mai ciki a mota. Tsofaffi biyu da goɗiya, muna tafe muna hutawa a inuwa, har kwalta ta ƙare muka shiga jar ƙasa. Da muka iso gonar, sai ga turken a kafe a gaban rumfa, an dandaƙe ƙasar gindinsa sosai, ga sawun tayar mota ya juya ya koma gari. Matar tsohon ta ce wani mai jiki ne ya zo tun da sassafe da babbar riga, ya ƙi a taya shi haƙa, ya auna tsawon igiya da taku, ya ɗebo ruwan rijiyar ya kurɓa, ya tafi.

Har yau ɗan Yaya bai dawo mini daidai ba. Yana gaishe ni a tsaye, ya wuce. Na san wannan gaisuwar, ni na ƙirƙiro ta a gidanmu. Sai dai ni ba ni da shekarun da zan ɓatar kamar wancan karon, shi ya sa kowace Juma'a bayan masallaci nake zuwa gidansa in zauna, ko ya yi magana ko bai yi ba, har a kawo abinci.

Auta ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Ina zuwa in duba ta, ina kurɓar ruwanta, abin da na yi shekaru ina yi wa Yaya dariya a kai. In namiji ne, baƙo ne, Allah Ya raya. In mace ce, ƙafa huɗu ne sababbi, kuma na riga na yi magana da sauran. Ta hagu ta baya, mai harbin, ta ɗan Yaya ce. Na ga irin taurin kansa, zai iya.

Allah Ka jiƙan wana Mai Goɗiya. Ka yalwata masa makwanci fiye da lungun da ya ƙare a ciki, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da abin da ba ya iya roƙo. Abin da na kasa faɗa masa a bakin ramin nan, Ka isar masa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.